Ishido: Wasan Duwatsu 72 da Darajar Gidan da Aka Bari Fanko

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ana buga kartar wot ya riga ya san rabin dokar Ishido tun kafin ya gan shi. A wot, in an jefa tauraro mai lamba bakwai, ko dai ka bi da tauraro, ko ka bi da bakwai. Ishido ma kusan haka yake, sai dai launi da alama ake bi maimakon siffa da lamba. Bambancin da ya mai da shi wani abu dabam shi ne, a wot kati ɗaya ne a saman tari yake jiran amsarka, a Ishido kuwa dutsen da ke hannunka na iya samun maƙwabta har huɗu, kuma kowanne yana da haƙƙi a kansa. Sannan ba dole sai da abokin karawa ba. Daga kai sai allo, sai jakar duwatsu.

Sunan ya yi kama da na Japan, kuma daga harshensu aka ɗauko shi, ma'anarsa hanyar duwatsu. Amma a Amurka aka haifi wasan. Michael Feinberg ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Accolade ya baza shi kasuwa a 1990, aka buga shi a kwamfutar Macintosh da Amiga da masu DOS, ya kuma shiga na'urorin wasa irin su Sega Genesis da Game Boy. An lulluɓe shi da wata tatsuniya mai nuna kamar tsohon wasa ne da magabata suka bari, amma wannan ado ne na 'yan kasuwa. Brad Fregger, wanda ya jagoranci fitar da shi, shi ne kuma ya jagoranci fitar da Shanghai a 1986, wasan nan da ake tara tubala ana cire su bibbiyu. Kamar an juya riga ne: a Shanghai allo cike yake kana rage shi, a Ishido allo fanko ne kana cika shi.

Allon yana da layi 8 a kwance da 12 a tsaye, gida 96 ke nan. Duwatsun 72 ne. Kowane dutse yana da launi ɗaya cikin launuka shida da alama ɗaya cikin alamomi shida. Shida sau shida 36, kuma kowane iri an yi shi biyu, wato kowane dutse yana da tagwayensa guda ɗaya tak. Alamomin suna canjawa gwargwadon zubin da mutum ya zaɓa, don haka a nan zan riƙa kiran su da sunayen da za su sauƙaƙa mana: wata, tauraro, itace, kifi da sauransu.

Kafin ka taɓa komai, kwamfuta ta ajiye duwatsu shida: huɗu a kusurwoyin allo, biyu a tsakiya suna kallon juna a karkace. An zaɓe su yadda kowane launi da kowace alama za su bayyana sau ɗaya. Saura 66 a jaka, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ka ganin na gaba sai ka rabu da na hannunka. Tsarin farkon nan yana da hikima: dutsen da ya fara fitowa ba zai taɓa rasa wurin zama ba, tunda launinsa na kan allo, alamarsa ma na kan allo.

Dole dutse ya zauna kusa da wani, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Na karkace ba maƙwabci ba ne. In maƙwabci ɗaya ne, ya isa su yi tarayya a launi ko a alama. In biyu ne, sai ya dace da ɗaya ta launi, ɗayan kuma ta alama. In uku ne, biyu ta fuska ɗaya, na ukun ta ɗaya fuskar. In huɗu ne, biyu ta launi, biyu ta alama. Wasa yana ƙarewa in jaka ta ƙare, ko kuma in dutsen da ya fito bai da gidan da zai karɓe shi ko ɗaya. Dokar ke nan gaba ɗaya, za a iya rubuta ta a bayan katin waya.

Wurin da sabon shiga ke fara yin tuntuɓe shi ne dokar maƙwabta biyu. Ido yana son jera ja kusa da ja, ya ga fili ya yi kyau. To ga jan wata a hagu, ga jan itace a dama, gida ɗaya tsakaninsu. Ka ɗauko jan tauraro kana murna, sai allo ya ƙi karɓa, domin ya dace da su duka ta launi, babu wanda ya dace da shi ta alama. Gidan nan ba zai karɓi kowa ba sai tagwayen jan wata ko tagwayen jan itace. In waɗannan sun riga sun zauna a wani wuri, gidan ya toshe. Abin mamakin shi ne yadda ake buɗe shi: ƙara masa maƙwabci ake yi. Ka sa shuɗin tauraro a samansa, nan take jan tauraro ya halatta, biyu ta launi, ɗaya ta alama. A yawancin wasanni cunkoso rufe ƙofa yake yi, a nan kuwa wani lokaci shi ne mabuɗi. Wanda ya gane wannan ya fara ganin allon da idon masu wasa.

Allon kuma an raba shi biyu. Layin da ya kewaye shi ta gefe huɗu, gida 36, launinsa dabam. Na ciki gida 60 ne, shida sau goma. Ni ina kiran su birni da waje. Dutsen da aka ajiye a waje dole ya bi doka kamar kowa, amma a tsarin maki na zamani, ɗaya daga tsare-tsaren maki biyu na wasan, ba ya kawo ko maki ɗaya. Kuma ba a iya haɗin huɗu a can, wato ajiye dutse a gida mai maƙwabta huɗu, tunda gidan gefe maƙwabta uku gare shi, na kusurwa biyu.

A nan akwai ɗan lissafin da ya kamata mutum ya yi tun kafin ya fara. Birni gida 60 ne, biyu an riga an zauna, saura 58. Duwatsun jaka 66 ne. Ko da ka cika birni fal ba ka bar gida ko ɗaya ba, abin da ba ya faruwa, sai aƙalla duwatsu 8 sun kwana a waje. Saboda haka fita waje ba gazawa ba ce, wajibi ce. Abin tambaya shi ne waɗanne duwatsu za ka kai can, kuma yaushe. Lissafi na biyu: 96 a cire 72, saura 24. Waɗannan su ne gidajen da aka yarda ka ɓata. Duk gidan da ya toshe daga cikinsu ake cirewa, kuma suna ƙarewa da sauri fiye da yadda mutum yake zato.

Yanzu maki, a tsarin na zamani. A birni, dutse mai maƙwabci ɗaya maki 1 ne, mai biyu maki 2, mai uku maki 4, mai huɗu maki 8. In da a nan aka tsaya, da wasan bai wuce na kashe lokaci ba. Amma haɗin huɗu yana zuwa da abu biyu. Na farko garaɓasa: 25 a karon farko, 50 a na biyu, 100 a na uku, 200 a na huɗu, 400 a na biyar, sannan 600, 800, 1,000, daga nan ta yi tsalle zuwa 5,000 a na tara, ta ci gaba da hawa har 50,000 a na goma sha biyu. Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan wasan: duk haɗin huɗun da ka yi yana ninka makin dukkan duwatsun da za su biyo baya. Bayan na farko, 1 da 2 da 4 da 8 sun koma 2 da 4 da 8 da 16. Bayan na biyu sun sake ninkuwa. A ƙarshe kuma akwai ladan jaka: 1,000 ga wanda ya ajiye duwatsun duka, 500 in ɗaya ya rage, 100 in biyu suka rage.

Ninkin nan shi ya sa lokaci ya zama komai. Ɗauki mutum biyu, kowanne ya yi haɗin huɗu sau uku, kowanne kuma ya ajiye wasu duwatsu 30 a birni masu maƙwabta bibbiyu. Na farko ya yi haɗinsa uku tun da wuri, don haka duwatsunsa 30 sun zo a kan ninki takwas: 30 sau 2 sau 8, maki 480. Na biyu ya fara zuba duwatsunsa 30, sai can kusa da ƙarshe haɗin ya zo masa: maki 60. Garaɓasarsu ɗaya ce, 175 kowanne, aikin hannunsu ɗaya ne, amma tazarar 420 ta shiga tsakaninsu. Daga nan kuma ake samun amsar tambayar waje. A farkon wasa dutse mai maƙwabci ɗaya maki 1 kacal yake kawowa a birni, asararsa ba ta taka kara ta karya ba. Bayan haɗi biyar, wannan dutsen dai maki 32 ne. Ke nan lokacin zubar da duwatsun da ba ka buƙata a waje shi ne farko, sa'ad da birni ba ya biya, a ajiye gidajen birni sai farashinsu ya tashi. Mai hatsi ba ya buɗe rumbu da kaka.

Yadda ake gina haɗin huɗu shi ne ainihin sana'ar, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da kake ginawa ba dutse ba ne, rami ne. Ka ƙudurta a ranka cewa wannan gida na jan tauraro ne. Kana buƙatar jajaye biyu da taurari biyu su kewaye shi, misali jan wata, jan itace, shuɗin tauraro da koren tauraro. Matsalar ita ce maƙwabtan nan huɗu ba sa taɓa juna, a karkace suke da juna, alhali kowanne dole ya jingina da wani dutse kafin ya zauna. Sai ka bi ta gidajen da ke karkace da ramin, ka yi musu gada. Tsakanin jan wata da shuɗin tauraro, gadar za ta zama shuɗin wata ko jan tauraro, amma jan tauraro shi kake ajiye wa ramin, kuma guda biyu ne kawai a duniya. In ka yi gada da ɗaya, saura ɗaya. In ɗayan ya fito tun ramin bai kammala ba, ka shiga uku: ko ka cusa shi ciki ka karɓi maki 4 na maƙwabta uku ka haƙura da ninki, ko ka kai shi wani wuri ramin ya mutu har abada.

Duwatsun tsakiya biyu da aka fara da su kyauta ce ga mai ido. Tunda a karkace suke, akwai gidaje biyu da suke maƙwabtaka da su duka. In jan wata ne da shuɗin tauraro, kowane ɗaya daga gidajen nan yana karɓar jan tauraro ko shuɗin wata. Rabin haɗin huɗu ke nan har sau biyu, tun ba ka ɗaga hannu ba. Sabon shiga da zarar jan tauraro ya fito sai ya jefa shi ciki ya karɓi maki 2. Gwani kan ware rami ɗaya ga jan tauraro, ɗaya ga shuɗin wata, ya shiga kewaye su.

Akwai wata dabara da lissafi ke nunawa. Ramin da na kwatanta a sama iri ɗaya kawai yake karɓa, duwatsu biyu in duka suna jaka. Amma ka kewaye rami da tagwaye biyu: jan wata biyu da shuɗin tauraro biyu. Jan tauraro zai shiga, domin ya dace da jajayen ta launi da taurarin ta alama. Shuɗin wata ma zai shiga, ya dace da shuɗɗan ta launi da watannin ta alama. Ƙofa ta ninku, duwatsu huɗu ke nan maimakon biyu. Ba kullum jaka ke ba da wannan dama ba, amma in ta bayar ba a ƙi.

Wannan duka yana tuna mini da dara, musamman zangon farko da ake dasa 'ya'ya a gidaje. A lokacin ba a ci, amma a nan ake cin wasan ko a faɗi, domin wanda ya dasa da tunanin inda zai motsa gobe shi ke da fili. Ishido kamar an ɗauki zangon dashen ne kaɗai aka mai da shi wasa cikakke, babu motsi bayan an ajiye.

Sai batun sa'a, wanda mutane kan yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne ba ka san dutsen da zai fito ba. In saura 40 a jaka kuma jan tauraro biyu suna ciki, damar ya fito a ɗauka ta gaba 2 ce cikin 40, kashi 5 cikin ɗari. Da alama kaɗan ne. Amma wannan ba caca ba ce irin ta jefa ƙwayar ludo, inda shida na iya ƙin fitowa har a tashi. Duk dutsen da ke jaka zai fito, tabbas, muddin wasan bai mutu ba. Saboda haka wanda ya gina rami ba ya roƙon sa'a ta kawo masa dutse, yana neman ya rayu ne har dutsen ya iso. Kuma abin da ke cikin jaka ba sirri ba ne. Duk abin da ba ya kan allo yana ciki. Wanda ya duba ya ga jan tauraro biyu sun riga sun zauna ya san kada ya ɓata duwatsu huɗu yana gina musu ɗaki. Jerin fitowarsu kaɗai aka ɓoye. In saura goma, mai haƙurin ƙirga ya san su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tabbatar kowanne yana da aƙalla gida ɗaya da ke jiransa.

A nan ne tsarin makin yake ja wa mutum hannu biyu zuwa fuskoki biyu. Kowane ramin da ka bari a buɗe yana ƙuntata ka. Gida ne da ba ka iya amfani da shi, kuma kewayensa cike yake da gidaje masu maƙwabta biyu da uku waɗanda ba kowa suke karɓa ba. Mai kwaɗayin da ya buɗe ramuka biyar lokaci guda yakan wayi gari da dutse a hannu babu masauki, jaka da saura ashirin. Mai tsoro kuma, wanda yake shimfiɗa duwatsu a sarari ɗaya bayan ɗaya, yakan ƙarar da jaka lafiya ya karɓi 1,000, amma jimillarsa ba za ta yi nisa da hakan ba.

Lambobin da kansu suna nuna inda ma'auni yake karkata. Garaɓasar haɗi biyar na farko in an tara 775 ce, ba ta kai 1,000 na ƙarar da jaka ba. Ga wanda hannunsa bai wuce haɗi biyu ko uku ba, ƙarar da jaka ita ce babbar riba, kuma wauta ce ya sadaukar da ita don rami ɗaya. Amma ga wanda ya kai haɗi takwas, ninkinsa 256 ne. Duwatsu huɗu masu maƙwabci ɗaɗɗaya sun ba shi 1,024, sun zarce ladan jaka. Haɗi na tara kuma 5,000 ne a garaɓasa kawai. A wannan matsayi 1,000 ta zama kuɗin goro. Sai dai kada a ɗauka rayuwa ta daina amfani gare shi: ta fi amfani ma, domin kowane dutsen da ya rage a jaka asarar ɗaruruwan maki ce. Dalilin dai ya canja. Shawarar da ta dace da ɗan koyo ba ita ta dace da gwani ba, alhali allo ɗaya suke kallo, doka ɗaya suke bi. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da masu tsara wasan suka yi.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan tsarin. Ninki ba ya nuna tazarar gwaninta da adalci. Wanda ya yi haɗi tara bai fi mai bakwai da nisa ba a fasaha, wataƙila dutse ɗaya ne ya zo wa wannan da wuri ya makara wa wancan, amma a allon maki sai ka ga kamar sama da ƙasa. Wataƙila shi ya sa aka tanadi tsari na biyu da aka kira na dā. Shi ba ruwansa da maki ko ninki. Abu biyu yake ƙirgawa: haɗin huɗu nawa ka yi, kuma duwatsu nawa suka rage maka a jaka. A ƙarƙashinsa haɗin da aka yi da dutsen ƙarshe daidai yake da wanda aka yi da na goma, kuma waje bai zama ƙasƙantaccen wuri ba. Wasa ne mai natsuwa, ba gaggawa. Ni na fi ganin gaskiyar hannun mutum a cikinsa, ko da yake na zamani ya fi sa zuciya bugawa. Akwai kuma zubin gasa, inda ake ba kowane ɗan wasa duwatsu a jeri iri ɗaya, don kada wani ya ce jakarsa ce ta ci amanarsa.

An kuma liƙa wa wasan wani ɗan ƙawa: in mutum ya yi haɗin huɗu, yana iya samun wasu kalamai masu kama da na masu duba, waɗanda aka yi wa zubi irin na tsohuwar al'adar Sin. Ba su da alaƙa da maki ko doka, ɓangare ne na rigar tsufa da aka sa wa wasan.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wasan nan mai shiru yana da gurbi a tarihin shari'ar fasaha. Accolade ya fitar da Ishido a kan Genesis ba tare da lasisin Sega ba. Injiniyoyinsa sun warware manhajar na'urar ne suka gano yadda take aiki, suka rubuta wasanninsu yadda za ta karɓa. Sega ta kai ƙara, kuma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin Amurka ta yanke cewa irin wannan warwarewa, in an yi ta don a gano yadda manhaja za ta yi aiki da na'ura, halas ce a dokar haƙƙin mallaka. Har yau ana kafa hujja da hukuncin.

Ga wanda zai gwada, akwai kwaikwayon wasan da dama a intanet da wayoyi, wasu da wani suna dabam, kuma ba duka ne suke bin teburin makin asali ba. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ko suna ninka maki bayan haɗin huɗu, da kuma ko waje yana biya. Amsar waɗannan biyu ce za ta gaya maka inda za ka kai duwatsu goma na farko: kusurwoyi, ko kewayen duwatsun tsakiya biyu.